Kunnen Doki a Ɗoruwar Dija

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

An kawo wuta tun safe, abin mamaki, sai na zauna na gama bishiyar. Malam Abdulƙadir, shugaban ofishinmu na nan Anka, yana son ta kafin ƙarshen mako mai zuwa. Ƙauyuka sittin da wani abu ne daga Anka da Gummi da Bukkuyum, za a raba su gida uku gwargwadon tsaron hanya. Kore, ayarin masu kai madarar tamowa su hau babura su je. Rawaya, su jira sai an samu rakiya. Ja, ba mai zuwa.

Ba ni nake rabawa ba, haka nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni. Ni dai ina zuba wa manhaja bayanai: kasuwar ƙauye na ci ko ba ta ci, makaranta a buɗe take ko a rufe, akwai sabis na waya ko babu, mai gari ya kawo kuka ko bai kawo ba. Ita kuma ta nemo ƙauyuka biyu da suka fi kama da juna ta haɗa su, ta sake nemo na kusa da su ta haɗa, har kowa ya taru a gindi ɗaya. Abin da ke fitowa kamar salsalar dangi yake, 'yan ɗaki ɗaya a ƙasa, dangin nesa a sama. Aikina in yanke ta a inda za ta ba da rassa uku.

Akwai maki da ke nuna ko bishiyar ta riƙe amanar bayanan da aka ba ta, wato ko kusancin da ta zana shi ne kusancin gaskiya. Sunansa na Turanci ya fi ƙarfin bakina, ni makin amana nake ce masa. Daga sifili yake zuwa ɗaya. Yau ya ba ni 0.71. Ba yabo ba fallasa.

Ɗoruwar Dija ta faɗo a kore. Garinmu. Na duba, na tashi na zagaya tebur, na dawo na sake dubawa. Zaliha, 'yar Yaya Uba, ba ta cika shekara biyu ba, kuma tun tsakiyar damina take ramewa. In ayari ya je, ta samu madara. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Talata, bayan la'asar

Inna ta hau tudun bayan masallaci ta kira ni. A can kawai ake samun sabis.

"Auta, kin wuni lahiya?"

"Lafiya lau, Inna. Ya gari?"

"Lahiya lau."

"Ya Zaliha?"

"Da sauƙi. Ƙahwahunta ne sunka ɗan tashi."

Ƙafafu sun ɗan tashi. Inna ke nan, da gida zai kama da wuta cewa za ta yi an ɗan ji ɗumi. Na tambayi Yaya Uba, ta ce shina gona. Na ce ai na ji ya girbe geronsa tun makon jiya. Ta ce shina gona dai. Daga nan ta shiga ba ni labarin akuyarta da ta haifi biyu.

Laraba, da azahar

Malam Abdulƙadir ya kira ni teburinsa. Ya zuba bayanan nan nawa, ba ƙari ba ragi, a manhajar da babban ofis ya ba shi. Hanyar haɗawa ɗaya muka bi, ta matsakaici. Bishiyarsa da tawa kamar an tsaga kara, makin amana ma iri ɗaya, sai wuri guda. A tasa, Ɗoruwar Dija da wasu ƙauyuka huɗu na gefen gulbi suna ja.

"Rashida, wace ce mai gaskiya, tawa ko taki?"

Na ce tawa mana, ranka ya daɗe, ai ni na karanta abin. Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Ya ce ba zai aika wa babban ofis abin da ke canza launi kamar hawainiya ba, in gano dalili. Mutumin nan ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, shi ya sa musu da shi ba ya da daɗi.

Alhamis, da magariba

Ban gano ba. Ban ci abinci ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Na gano, kuma da na gano sai da na yi tsaki ni kaɗai a ofis.

Kunnen doki ne. Tunda yawancin bayananmu e ne ko a'a, sau da yawa nisan ƙauye da na hagunsa yakan yi daidai da nisansa da na damansa. Ɗoruwa na kama da jajayen ƙauyuka ta wajen kasuwa da makaranta, duk a rufe. Tana kama da koraye ta wajen sabis da kukan mai gari, don mai garinmu bai taɓa kawo kuka ba. Nisan nan biyu daidai wa daida. In aka yi kunnen doki haka, manhaja ba ta da wata hikima, wanda ta fara cin karo da shi a jere shi take ɗauka.

Jerin kuwa na haruffa ne. Manhajata ta ɗauki Ɗ a matsayin D, ta sa garinmu a sama. Ta Malam ba ta san harafi mai ƙugiya ba, sai ta jefa shi can ƙarshe, bayan Zugu. Shi ke nan. Ɗoruwa ta fara haɗuwa da wani maƙwabcin daban, ta ja sauran huɗun suka bi ta.

Wato ƙugiyar da ke kan harafi ɗaya ita ke cewa a kai wa Zaliha madara ko kar a kai. Na gwada, na cire ƙugiyar a injin Malam, gari ya koma kore. Na mayar, ya koma ja. Na yi ta yi kamar mai wasa da makunnin fitila, har na ji kunyar kaina na daina.

Asabar, da yamma

Saudatu ta shigo ɗakina da tsintsiya a hannu wai aron gishiri. Gida ɗaya muke haya, ƙofa na kallon ƙofa, kuma ita ce ma'aikaciyar jinya da ke jagorantar ayarin. Ɗanta Mujahid na maƙale da zaninta, yana cin ɗanyen wake da ya tsinto ban san a ina ba.

"Malama mai bishiya, an ce garinku ya ƙi zama wuri ɗaya. Halinku ne, ke ma haka kike."

Na ba ta labarin ƙafafun Zaliha. Wasa ya bar fuskarta. Ta ce in an danna da yatsa wurin na lotsawa? Gashinta ya yi ja? Tana karɓar abinci? Na ce ban sani ba. Ta ce in Tasalla, uwar yarinyar, ta kira, in ce ta zagaya damtsen da babban yatsa da manuni ta gaya mini ko sun haɗu.

"In kin ba ni kore, ranar ashirin ga wata ina can," in ji ta. "Na taɓa zuwa garinku, Innarki ta cika ni da daddawa har babur na wari."

Ta tafi ba ta ɗauki gishirin ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, da hantsi

Girgiza. Haka nake kiran gwajin da ake yi don a ga ko reshe na da ƙarfi. Manhaja ta ɗebi bayanan ta cakuɗa, ta bar wasu ta maimaita wasu, ta sake gina bishiya, ta yi haka sau dubu. Sai a duba sau nawa ƙauye ya zauna a reshensa. Mai ƙarfi ba ya motsi. Na sa ta cakuɗa jerin sunayen ma, don ƙugiya ta daina yi mana sarauta.

Ƙauyukan bakin kwalta sun zauna a kore kusan kullum. Waɗanda kowa ya san labarinsu sun zauna a ja. Ɗoruwar Dija, kore sau hamsin da biyu cikin ɗari.

Malam ya daɗe yana kallon lambar. Ya ce ƙa'idar babban ofis ita ce abin da ya haura rabi shi ne hukunci, don haka kore ne. Amma ya ce hamsin da biyu da jefa kwabo duk ɗaya. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ke 'yar garin ce. Me kike ji daga gida?"

Na ce, "Lafiya lau."

Haka ya fito. Ban shirya shi ba. Ya ce to madalla, ya rubuta kore da fensir.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Ba ƙarya na yi ba. Abin da Inna ta ce na maimaita.

Talata, da azahar

Na zauna kusa da Hamida, wadda ke kiran masu gari duk mako. Na ce mata ina duba yadda ake cike layin kuka ne. Ta sa wayar a bayyane don in ji.

Mai garin wani ƙauye da ke ja ya ɗauka yana kasuwar Gummi, don can ya koma da iyalinsa. Ya zazzage mata komai, da sunaye da ranaku, har sai da ta ce ya isa Baba. Ta rubuta ɗaya.

Ta kira Arɗon rugar da ke kusa da garinmu. Ya ce jam tan, wato lafiya lau da Fulatanci. Ta ce shanu fa? Jam tan. Hanya fa? Jam tan, sai godiya. Ta rubuta sifili.

Ta kira mai garinmu. Na san muryarsa tun ina yarinya, mutum ne mai surutu, in ya kama ka da labarin farauta sai rana ta faɗi. Yau gaisuwa kawai. Lahiya lau. Ba komi. Lahiya lau, ɗiyata, a gaida manya. A bayansa ba kukan jaki, ba muryar yara, ba daka. Ta rubuta sifili.

Na koma teburina na buɗe layin tun daga farkon damina. Ƙauyukan bakin kwalta, waɗanda suke zaune lafiya da gaske, ba su rasa kuka: an sace akuya, an yi faɗa a kan iyakar gona, rijiya ta rufta. Mutanen da ke da lafiya ba sa rabuwa da ƙorafi. Ƙauyuka biyar ne kawai ba su taɓa cewa uffan ba, mako bayan mako, sifili tsaf kamar an share da tsintsiya. Su ne biyar ɗin gefen gulbi.

Wa ya taɓa jin an gaida Bahaushe ya ce ba lafiya? Mun ɗauki amsar gaisuwa mun zuba a inji a matsayin shaida. Balle mutumin da yake magana wani na tsaye a kansa.

Laraba, da safe

Na cire layin kuka gaba ɗaya na sake girgizawa. Ɗoruwa ja, sau casa'in da ɗaya cikin ɗari. Na canza hanyar haɗawa, na bi ta maƙwabci mafi nisa, na bi wata da ake kira Ward. Ja. Ja. Na zuba a manhajar Malam lokacin da ya fita salla. Ja.

Na rufe, ban adana ba.

Ba wanda ya sa ni wannan gwajin. Ba ya cikin ƙa'ida. Wanda ke cikin ƙa'ida ya ce hamsin da biyu.

Laraba, da yamma

Saudatu na jera kwalayen madara a zaure, Mujahid na hawa kansu tana sauke shi. Ta ce ta ware guda na Zaliha daban, ta rubuta sunanta a jiki. Ta tambaye ni ko Inna na son wani abu daga Anka. Na ce sabulu.

Alhamis, bayan azahar

Tasalla ce ta kira da wayar Inna. Ba ta yi gaisuwa ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Gwaggon Zaliha, yatsun sun haɗu har sun wuce. Ba ta kuka ma yanzu. An ce masu magani za su zo, da gaske ne? Don Allah a zo."

Na ce ana shiri. Na ce ta kawo ta Bukkuyum mana, ko a ƙafa ne zuwa bakin gulbi. Sai na ji wayar ta koma hannun Inna.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Baƙi munka yi, kin sani. Suna nan, ba su tahi ba. Ba a barin baƙo a hita yawo, sai an gama aikin gona." Ta yi tari. "Sun ji labarin likita za ta zo. Murna suka yi ƙwarai. Sun ce suna da marasa lahiya can wurinsu, sun daɗe suna biɗar likita da za ta zauna musu."

Ta faɗe shi da muryar da take ba da labarin akuya. Ta ce in gaida mutanen gida, ta kashe.

Da za ta zauna musu.

Na daɗe a bayan ofis wajen tankin ruwa. Tsoro nake ji, kuma haushin Inna nake ji da ta gaya mini. Da ta bar ni da hamsin da biyu ɗina.

Alhamis, da magariba

Mujahid ya shigo ɗakina ya yi barci a kan sallayata. Uwarsa ta zo ɗaukarsa na ce ta bar shi tukuna.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da hantsi

Na sake yin gwajin a gaban Malam Abdulƙadir, na nuna masa sifilin nan biyar, na gaya masa abin da Inna ta ce, kalma da kalma. Bai tuna mini da lafiya lau ɗina ta ranar Litinin ba. Da ya tuna mini da na fi jin sauƙi.

Ya kira babban ofis. Sun ce ba a cire layi a tsakiyar zagaye, in an cire a nan sai an cire a ko'ina, kuma bishiyar bana ba za ta yi daidai da ta bara ba. Bishiya ta zauna yadda take. Amma ma'aikacin da ke wurin yana iya ɗauke ƙauye da hannu daga wani reshe zuwa wani, in zai sa sunansa.

Malam ya ce shi zai sa nasa. Na ce a'a, ni na gano, ni zan sa. Ban san abin da ya sa na nace ba. Ya miƙo mini biro.

Ɗoruwar Dija da sauran huɗun, ja. Rashida Ɗanmusa.

Yanzu ba zan iya cewa ba ni nake rabawa ba.

Juma'a, da la'asar

Saudatu ta same ni ina wanki. Ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Wa ya ce ki yanke mini hukunci? Ni yarinya ce? Wurare nawa na shiga na fito?"

Na ce ba ke kaɗai ba ce, akwai masu babura uku da mai awo.

"To a tambaye mu mana. Yarinyar nan in ba ta samu madara a makon nan ba, kin san abin da ake ciki, ko sai na zana miki bishiya?"

Na ce na sani. Na ci gaba da cuɗa rigar da na riga na wanke. Ta kira ni mai taurin kai, ta kira ni abin da ya fi haka, ta shiga ɗaki ta buga ƙofa. Can an jima ta fito ta ajiye kwalin Zaliha a bakin ƙofata.

Lahadi, da azahar, Gummi

Na zo da kwalin. Na bi 'yan acaɓa ɗaya bayan ɗaya a tasha. Da na ambaci sunan gari sai kowa ya tuna yana da wani uzuri. Wani dattijo mai kai gishiri ƙauyuka ya ce in raba madarar daga kwali, ya cusa a cikin buhu, zai gwada ta hanyar Gwashi. Ya ce bai yi alkawari ba. Na ce na ji.

Litinin, 20 ga Oktoba, da safe

Ayari ya tashi zuwa korayen ƙauyuka. Saudatu ta bar mini Mujahid, ba ta dube ni ba.

Talata, da yamma

Mai gishiri ya kira. Ya kai bakin gulbi, masu kwalekwale sun ce an hana su ƙetarawa da kowa. Ya bar buhun wurin wata mata mai tuyar ƙosai, ko wani zai fito daga can. Ya ce in yi haƙuri. Ya ce lafiya lau dai ya dawo.

Laraba

Wayar Inna a kashe.

Alhamis

A kashe.

Juma'a, bayan azahar

Hamida ta kira mai garinmu ba ta shiga. Ta tambaye ni me za ta rubuta, sifili? Na ce kar ki kuskura. Ki bar wurin fili. Na yi mata tsawa a gaban mutane, ba laifinta ba ne, na ba ta haƙuri daga baya.

Na sake girgiza bishiyar ba don komai ba. Hamsin da biyu. Na sake. Hamsin da ɗaya. Na sake.

Asabar

Na share ɗaki. Na wanke labule. Na jiƙa wake ban dafa ba.

Litinin, 27 ga Oktoba

A kashe.

Laraba, 29 ga Oktoba, da la'asar, Bukkuyum

Wani ɗan garinmu ya kira ofis da safe ya ce in zo makarantar firamare ta nan. Na hau babur.

Mutanenmu ne cike da azuzuwa, da tabarmi da tukwane. An gama aikin gona, sai aka ce kowa ya tashi. Mata da tsofaffi da yara aka sallama. Inna na zaune a gindin allo, ƙafafunta sun fashe. Ta ce Yaya Uba na tahe baya, akwai kayan da za su kai tukuna. Ban tambayi kayan wa ba.

Tasalla na tsaye a bakin taga. Ta ɗaura zanin goyo a ƙirji yadda ta saba, ta ɗaure tam. Na zagaya bayanta, babu Zaliha.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce ne, in ji Inna, da hantsi. Ba ta sha wuya ba a ƙarshe. Tsofaffi uku suka yi mata salla, don mazan duk suna gona. Tana bayan gidanmu kusa da rumbu.

Na ce Allah ya sa mai ceto ce. Na ji bakina ya faɗa.

Alhamis

Na kawo su Anka. Inna da Tasalla a ɗakina, ni a zaure.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da hantsi

Mata na ta shigowa gaisuwa. Ya haƙuri, haƙuri sai ma'aiki. Tasalla na amsawa daidai, ba ta kuskure ko ɗaya. Ta cire zanin goyon jiya, Inna ce ta kwance mata.

Saudatu ta dawo daga zagaye da daren jiya, lafiya, ita da mutanenta duka. Yau ta dafa abincin baƙi tun asuba, ta yi ta hidima kamar gidansu. Da mutane suka ragu ta same ni a bayan ɗaki ina wanke kofuna. Ta tsuguna ta karɓi soso.

"Ranar Litinin da na isa," in ji ta a hankali. "Litinin zuwa Alhamis. Na ga waɗanda suka fi ta lalacewa sun tashi."

Na ce da ba ki dawo ba.

"Wataƙila. Wataƙila kuma da na dawo."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma gaskiya ta faɗa. Inna ta ji abin da ta ji, ni na auna abin da na auna, amma ba wanda ya bi hanyar nan ranar Litinin balle ya gaya mana. Ba zan taɓa sani ba. Na dube ta tana cuɗa kofi, da ranta, da ɗanta na jan mayafinta, na ji ina son ta kuma na ji ba na son ganinta. In aka mayar da ni ranar Juma'ar can zan sake sa hannu. Wannan bai rage mini komai ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na koma aiki. Malam ya ce in ƙara kwana, na ce zaman gida ya fi wuya.

Ba labarin Yaya Uba. Inna ta ce shina tahe.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan la'asar

Sabon zagaye. Na zuba bayanan wannan wata na gina bishiya. Makin amana 0.86. Ban taɓa samun irinsa ba. Na girgiza sau dubu, ba reshen da ya sauka ƙasa da casa'in. Na juya jerin sunaye sama da ƙasa, na gwada a manhajar Malam, na gwada a tawa, duk bishiya ɗaya suke ba ni. Ba kunnen doki ko ɗaya.

Na san dalili kafin in duba. Ƙauyen da layukansa duk fili ne, ba kasuwa, ba makaranta, ba mai garin da za a kira, tsarinmu ba ya lissafa shi. Ajiye shi yake yi gefe ya ci gaba. Biyar ɗin da ke rikita bishiyar sun fita, shi ya sa ta yi kyau.

Babban ofis sun aiko da yabo. Sun ce tamu ce ta fi ta kowa tsabta, suna so in koya wa sauran ofisoshi yadda na yi. Malam ya karanta saƙon, ya kife wayar a tebur, ya ce in tafi gida.

Na taho da injin don in ƙarasa rahoto. Ina zaune a tabarma a tsakar gida sai Inna ta jawo kujerarta kusa da ni. Ba ta taɓa tambayata aikina ba, ita dai ta san ina ofis.

"Wanga shi ne abin da kika yi kullum?"

Na ce shi ne. Na nuna mata rassan, na ce kowane ɗan layi a ƙasa gari ne, masu kama da juna suna kusa da juna. Na karanta mata sunaye. Tana gyaɗa kai, ta san wasu, a wani ta ce can aka kai ƙanwarta aure, a wani ta ce masu rowa ne.

"To nuna mini namu."

Na bi layin da yatsa daga farko har ƙarshe, ko da yake na sani. Ta jira har na gama.

"Babu shi, Inna."

Ta matso da fuskarta ta duba da kanta, ita da ba ta karatun boko. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta koma ta jingina da bango.

"To," ta ce. "Su ma na ofis sun ji ke nan gari ya tashi."